Kurwar da na sayo a Ajame

Ni ba neman arziki ya kai ni Abijan ba, aike ne. Gwaggo Dije, ƙanwar babana, ita ta aike ni. Ɗanta Idi ya shekara bakwai can bai leƙo Filinge ba, idanunta kuma sun fara rufewa. Bayan mun gama ɗaurin gero ta kira ni, ta riƙe mini hannu ta ce, "Garba, yanzu mutum in ya tsaya bakin ƙofa, inuwa kaɗai nike gani. Tahi ka taho mini da Idi tun ina iya gane huskatai." Na ce mata wata guda ya ishe ni. Har da dariya na faɗa, na ce ai bawa ne, da igiya zan jawo shi.

Idi taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a al'adarmu bawana ne, kuma tun muna kiwon awaki haka nake kiranshi. Shi kuma ya ce da ni ubangidan da ba shi da ko kaza. Tsakanin taubasai ba a fushi, kuma ba a ɗaukar magana da nauyi. Ka zage shi, ya zage ka, a yi dariya a watse. In faɗa muku gaskiya, tun da munka tashi ban taɓa yi wa Idi magana guda ta hankali ba, shi ma bai taɓa yi mini ba.

Hanyar ba zan ja ta da tsawo ba. Yamai, Wagadugu, iyaka, kwana uku ƙafafuna a naɗe ƙarƙashin kujera har sunka kumbura. A iyaka anka sauke mu anka jera cikin rana, kowa da takarda a hannu, wata tsohuwa da ba mu jin yaren juna ta ɓare dafaffar gyaɗa ta zuba mini rabi a tafi. Bayan garin Buwake itatuwa sunka rufe hanya dama da hagu. Mutumin Kurfai, ƙasarmu, ya saba ganin sama har inda ta taɓa ƙasa, ni kuwa ran nan ban ga komai ba sai ganye, numfashina ma sai na ji ya takure.

A tashar Ajame, cikin Abijan, anka yi mini maraba irin ta birni. Lambar Idi da anka rubuta mini ba ta shiga, ina tsaye ina ta dannawa, sai ga wani mai tsabtar riga ya gaishe ni da Hausa tsantsa. Ya tambayi inda na fito, na faɗa. Ya tambayi wanda nake nema, na faɗa. "Idi na Filinge? Haba, ai jiya ma tare munka ci abinci!" Ni kuma, wawan Allah, har da godiya na miƙa mishi jakata ya riƙe mini, ya ce in tsaya nan ya samo mana mota. Ina nan tsaye har azahar. Tufafin da sunka tafi ba su dame ni ba. Abin da ya sa na zauna bakin kwata na rufe fuska shi ne ƙullin kuka da daddawa da Gwaggo ta daka wa ɗanta da hannunta, tana laluben turmi.

Yunwa ta tashe ni. Na tari wani mai gadin shago, na haɗa ɗan Faransancin da na tsinta a lakkwal, wato makarantar boko, ya tambayi sunana, na ce Garba. Mutumin nan ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa, ya kira maƙwabcinshi shi ma ya ji, sannan ya nuna mini wata rumfa tsallaken titi. Raina ya ɓaci, amma na tafi. Ashe a garin nan sunana abinci ne. Garin rogo ne turararre da soyayyen kifi, kuma da yake mutanenmu ne sunka fara sayar da shi, sai anka sa mishi suna garba. Mai rumfar, Malam Sanda, mutumin Sanam ne, can wajenmu. Ya ji harshena bai tambaye ni komai ba, ya cika kwano ya turo mini, ya ce, "Garba, ci kanka." Kwana uku na yi bayan rumfarshi. Shi ya aika tambaya daga mai rumfa zuwa mai rumfa, har labari ya dawo cewa akwai wani Idi mai gyaran injin wanki bayan unguwar Markori, tsallaken gada.

Da na shiga shagon, ƙafafu biyu kawai na gani sun leƙo daga bayan wani farin inji. Na gane su, akwai tabon da fartanya ta yi mishi a ɗan yatsa. Na ce, "Bawa, fito, ubangidanka ya zo."

Ƙafafun sunka daina motsi. Can na ji murya daga ciki. "Wace iska ta kwaso mana wanga matsiyaci? Miƙo mini turnabis in warware wagga ƙusa tunda ka zo."

Ya fito. Wuya ya rame, fuska kuma ta ɗan kumbura, ido ya yi zuru-zuru. Abin da zuciyata ta so shi ne in rungume shi. Abin da bakina ya ce shi ne, "Tabɗi, Abijan ta cinye naman ta bar mini ƙashi, wa zai sayi wannan bawa?" Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, ya ce ƙurar inji ce.

Ran nan na isar da saƙon Gwaggo. Ya saurara kanshi a ƙasa, sannan ya ce in biyo shi. Ɗakinshi ɗan ƙarami ne a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya, kuma kusan rabin ɗakin wani abu ne lulluɓe da zane. Ya yaye zanen. Injin wanki ne, irin wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, amma jikinshi fari, murfinshi toka-toka, maɓallanshi kowane da kalarshi.

Sai in gaya muku, tun da mijin Gwaggo ya rasu, da wankau ta ciyar da Idi. Kayan malaman lakkwal, kayan ma'aikata, kayan matansu, duk ita. Sabulu ya ci hannuwanta har tafin ya tsattsage, kuma har lokacin da na baro ta ba ta daina ba. Idi ya ce shekara uku ke nan yana haɗa mata wannan inji daga abin da masu kuɗi sunka zubar. Jikin daga wani gida, motar lantarkin da ke juya shi daga wani, famfon fitar da ruwa daga wani. "Abu guda ya rage," in ji shi. "Ran da na same shi, mu ɗaura mu tahi. Ba ni shiga gidan tsohuwar nan hannu rabbana bayan shekara bakwai."

Na ce, "Mene ne abun?"

Ya ce, "Gobe ka gani."

Washegari na bi shi shago. Maigidansu, wani dattijo ɗan Togo mai farin gashi, ya buɗe bayan wani inji, ya leƙa, ya girgiza kai ya yi magana da Faransanci. Kalma biyu na kama, kurwa da mutuwa. Na ja da baya na ce, "A'uzu billahi! Har inji ma yana da kurwa? To mayun garin nan me sunka bari?" Idi ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Da ya samu numfashi ya sa hannu ya zaro wata baƙar igiyar roba tsinkakkiya. Ita ce ke zagaye motar da faifan da ke bayan gangar wanki, in mota ta juya ta ja gangar. Sunanta da Faransanci, in an faɗa, ba ka raba shi da kurwarmu ta Hausa. Ya ce, "In ta tsinke, fitila na kamawa, ruwa na shiga, mota na kuka, amma ciki ba abin da ke motsi. Mai gida ya ɗauka inji ya mutu, alhali ita kaɗai ta tahi." Kurwar nan ce injin Gwaggo ya rasa. Injin tsohuwar ƙira ne, an daina kawo irin tashi. Kowace kurwa tana da lamba rubuce a bayanta, in ta yi tsawo ta zame, in ta yi gajarta ta ci ƙarfen da gangar ke juyawa a kai.

Na ce zan jira mako biyu. Mako biyu ya zama wata, wata ya zama bazara. Da yake a gida ina taɓa gyaran injin ban ruwa ranar kasuwa, hannuna bai yi wuyar sabawa ba, dattijon ya bar ni ina bin Idi gidaje. Na koyi sauraron inji kafin in buɗe shi. Na koyi cewa rabin injin da anka ce ya lalace, maɓalli ne ko tsinken gashi ya toshe famfo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne injin busar da kaya. Na ce wa Idi, mutanen nan ba su da hankali, rana tana sama kyauta su sayi inji ya yi aikinta? Da ruwan garin ya kankama, rigata ta kwana uku a igiya ta sauko tana warin ruɓa, ya ɗaga ta da yatsa biyu ya ce, "Ubangida, ga aikin ranarka." Injin busarwan nan shi ya fi cin rai. Kana buɗe shi wani tattausan gashin tufafi ya tashi ya cika maka hanci, Idi kuma shekara bakwai yana shaƙarshi.

An cuce mu, ba sau ɗaya ba. Wani mai kayan gyara ya sayar mini da tsohon famfo da ya wanke ya sa a sabon kwali. Na ɗaura a gidan wata mata a Kokodi, unguwar manya, kwana biyu ruwa ya malale mata ɗaki. Ta tsayar da mu a ƙofar baya tana zagi, ta ce duk ƴan ƙasarmu ɓarayi ne. Ni mai saurin baki ne, na buɗe zan rama, Idi ya taka mini ƙafa. Munka goge mata ƙasa da tsumma muna durƙushe. Da za mu fita, mai dafa mata abinci ya biyo mu da ruwan sanyi a kofi. A hanya na ce wa Idi haka yake rayuwa shekara bakwai? Ya ce, "Bawa ai ya saba, kai ne baƙo."

Kewar gida kuwa ba a magana. Ruwa na zuba a Abijan ni ina lissafin ko an yi shuka a gonarmu, ko matata ta samu mai taya ta. Wata rana na ji sautin daka daga wani gida, na tsaya cak a titi da akwatin aiki a ka, ashe rogo ake kirɓawa.

Kalmar nan ta zama abin wasanmu. In munka hau bene da kaya, Idi ya tsaya a tsakiya ya dafa bango ya ce, "Dakata, kurwata ta saki." Ni kuma in ce, "Lambarka nawa in sayo maka sabuwa?" Da farko a bene na uku yake tsayawa. Daga baya a na biyu. Ƙafafunshi sunka kumbura har ya yanke bayan takalminshi, kwanciya kuma ta gagare shi, a zaune yake barci ya jingina da injin Gwaggo. Duk na gani da idona. Na ce mishi raggo, na ce bawan da anka saya da araha ai haka yake. Dattijon Togo ya taɓa ja na gefe ya ce in kai ɗan'uwana likita. Na faɗa wa Idi, ya ce in munka je gida fura za ta warkar da shi, ni kuma na yarda don yardar ta fi sauƙi.

Kowace Juma'a Gwaggo kan sa maƙwabta su kira mu. Idi ya karɓa ya yi ta ba ta dariya, sannan ya miƙo mini. Da ni take faɗin gaskiya. "Garba, yanzu ko inuwar ta hwara ɓacewa. Hasken ƙofa kaɗai ya rage. Yaushe?" In ce mata saura kaɗan.

Wata Juma'a bayan ta kashe, na ƙudura zan yi mishi magana ta hankali. Yana zaune yana goge maɓallan injin. Na ce, "Idi."

Ya ɗago da sauri, don bai saba jin sunanshi a bakina ba. "Lahiya? Wa ya mutu?"

Ga abin da na so in faɗa mishi. Mu bar injin nan, tsohuwa ba inji take so ba, kai take so, kuma kai ma ba ka da lafiya. Na dube shi, ya dube ni, kunya ta kama mu duka biyu. Sai na ce, "Ba kowa. Na ce ka goge da kyau, bawa." Ya yi murmushi ya ci gaba da gugarshi.

Mun gwada kurwa ta fi a ƙirga. Har daga robar tayar mota munka yanka, ta yi juyi uku ta fice. Daga ƙarshe abu biyu sunka zo tare. Idi ya tsinci wata tsohuwa mai lambar daidai a jikin wani mataccen inji, amma duk ta tsattsage, ya ce ba za ta yi wata guda ba, kuma a Filinge wa zai samo wa Gwaggo wata? Sannan wani mai kayan gyara a Ajame ya aiko cewa wani ɗan'uwanshi zai taho mishi da sabuwa daga Gana. Munka ɗaura tsohuwar don gwaji, munka ce da sabuwa ta iso sai tasha.

Ranar da abin ya faru, da safe Idi ya ce ba zai fita ba, zai zauna ya gwada injin da tsohuwar kurwa ya ga yadda yake juyi. Na ce lalaci dai, na ɗauki akwati na tafi Kokodi gyaran wani injin busarwa. Da hantsi ruwa ya tsuge. Kaina na cikin inji wayata ta yi ƙara. Ruwa na dukan kwano ta wajenshi, da ƙyar nake jin shi.

"Garba," ya ce. "Kurwa za ta tsinke. Ka taho."

Na ce, "To kashe injin mana, bawa! Ai mun san ba za ta riƙe ba. Bari in gama nan in bi ta Ajame, wataƙila sabuwar ta iso."

Na ji numfashinshi a wayar, sau biyu ko uku. Sannan ya ce, "To."

Garba ya ce, bai ce ubangida ba. Sai daga baya na tuna da wannan.

Na gama aikina a natse, har na share wa masu gida wurin. Na shiga mota zuwa Ajame. Mai kayan ba ya nan, ya tafi masallaci, na zauna a bencinshi na jira, anka ba ni shayi na sha. Ya dawo ya yi ta tonon kwalaye, can ya zaro ta. Sabuwa dal, baƙa, tana ƙamshin roba, lambarta daidai harafi da harafi. Wallahi na yi murna irin wadda ban yi ba tun da na zo garin. Na rataya ta a wuya ƙarƙashin riga kada ruwa ya taɓa ta. Na kira Idi in yi mishi albishir, bai ɗauka ba, na ce barcin raggo ne. A kan gada motoci sunka cushe, muna tafiya taku-taku, ni ina tsara yadda zan shiga in jefa mishi ita in ce ga kurwarka na fanso daga hannun mayu.

Bayan la'asar na iso. Ruwa ya cika lungun har gwiwa. A ƙofar ɗakinmu na ga takalma da yawa.

Madam Akisi, maƙwabciyarmu mai sayar da soyayyar ayaba, ita ta tare ni. Ta kama hannuwana biyu tana kuka, tana magana a hankali don in gane. Ta fito kwashe shanya ta gan shi kwance a bakin ƙofa, waya a hannu. Ta yi ihu maza sunka zo. Ba motar da ta yarda ta shigo lungun saboda ruwa, kafin su samo amalanke ya cika, wajen azahar. Wani tela ɗan Mali ne ya riƙe kanshi ya laƙƙana mishi kalmar shahada, kuma ya amsa. Ta ce, "Yana ta faɗin kurwa, kurwa. Na ce mishi ya manta da inji, lafiyarshi ta fi." Ita ma da kunnen Faransanci ta ji shi.

Na shiga. An lulluɓe shi da zanen da yake rufe injin. Ban iya zuwa wurinshi ba tukuna, sai na zagaya bayan injin na leƙa. Tsohuwar kurwa tana nan a kan faifanta, lafiya lau, ba ta tsinke ba. Gangar a bushe. Wayar wutar ma a naɗe take, ko jona ta bai yi ba.

Sau ɗaya a rayuwarshi Idi ya yi mini magana ta hankali, da Hausar uwarshi, ni kuma na tafi kasuwa. Ban ce da na taho da ya rayu ba, wannan sanin Allah ne. Amma tsakanin kiran nan da azahar akwai lokacin da zan iso in goya shi in fitar da shi titi. Ko ba haka ba, da ya cika a hannun nashi, da ya samu wanda zai ba saƙo zuwa ga uwarshi.

Malam Sanda ya tara mutanenmu, masu rumfa da masu gadi da masu tura kaya, munka yi mishi sutura washegari. Ƙasar kabarin ja ce, jiƙaƙƙiya, tana manne wa hannu. Dattijon Togo ya zo ya tsaya nesa da hularshi a hannu har anka gama. Ni na kira gida. Na ce ciwon ƙirji ne, farat ɗaya. Ban faɗi sauran ba.

Na ce ko ba komai injin zai isa. Na naɗe shi da kwali da igiya, sabuwar kurwar kuma ban iya ɗaura ta ba, na bar ta a jaka. Ya hau saman mota lafiya, ya wuce iyaka lafiya. A Wagadugu anka canza mana mota. Ina ƙasa ina ɗaga hannu ina cewa a hankali, a hankali, masu sauke kaya sunka sake shi. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena. Robar da ke riƙe ruwa ta rabe biyu, ƙarfen gangar ya lanƙwashe. Na san aikin, kallo ɗaya na yi na san ba gyara. Na zauna kusa da shi a tashar har direba ya yi ta danna oda, sannan na bar wa masu tsintar ƙarfe na shiga mota.

Na iso Filinge gero ya kai gwiwa. Ban fara zuwa gidana ba, na Gwaggo na nufa. Gwaggo tana zaune a tsakar gida, kwano gabanta, tana cuɗa wata riga. Na yi sallama, ta juyo da fuskarta wajen muryata, amma ba daidai inda nake ba. Idanun sun rufe duka.

Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa da haƙuri, ta tambayi hanya, ta tambayi wanda ya yi mishi wanka da wanda ya yi mishi salla. Sannan ta ce, "Kana wurin?"

Tun daga Yamai nake shirya ƙarya. Da ta tambaya sai ta gudu ta bar ni. Na ce, "Ba ni wurin, Gwaggo. Ya kira ni, ban gane ba, na tahi sayen wani abu." Na faɗa mata duka, injin da ya shekara uku yana haɗa mata, da kiran, da shayin da na sha a Ajame, da faɗuwar da injin ya yi a Wagadugu. Ina faɗa ina kuka kamar ba magidanci ba. Ba ta katse ni ba.

Da na gama ta goge hannunta a zane ta miƙo. "Ina abin da ka sayo?"

Na ciro na ɗora mata a tafi. Ta bi ta da yatsun nan nata masu tsaga, ta zagaya har ta dawo inda ta fara, ta kai hanci ta shinshina.

"Mi ake ce mata?"

Na yi kamar ban ji ba. Ta sake tambaya.

Na ce, "Kurwa, Gwaggo."

Kaji na ta tono kusa da kwanon wankinta. Sannan ta naɗe ta biyu, ta ɗaga bakin zanenta ta ƙulle ta a ciki, inda take ƙulle goronta.

Ta ce, "Na aike ka ka taho mini da shi. Ka kawo abin da ka samu. Tashi ka tahi gida, ɗiyanka na jira."

Yanzu ina da ɗan shago kusa da kasuwa. Injin wanki ba su da yawa a Filinge, na ma'aikata ne da ƴan kasuwa kaɗan, amma in sun lalace ni ake kira. Kayan Gwaggo matata ke wankewa, na hana ta taɓa sabulu, ko da yake in ba na nan tana sata ta yi. Wani lokaci in buɗe bayan inji in tarar da baƙar robar nan ta tsinke, mai gida ya tsaya kaina ya ce, "Malam Garba, mi ya lalace?" Sai in ce mishi igiya ce.